Ankon Mai Tabarau

Shekara talatin ke nan ina ɗinki a Funtua, kuma akwai doka guda da na riƙe: idan atamfa tana ɗauke da fuskar mutum, almakashina ba ya ratsa fuskar, ba na kuma ɗinka zani yadda mai ɗaurawa za ta zauna a kanta. Matar da ta koya mini ɗinki a Malumfashi ce ta ɗora ni a kan haka. Ta ce ko ɗan siyasa ne ai ɗan wani ne, uwarsa tana iya ganin hotonsa a mazaunin wata. Aikin yana da wahala, kuma yadi yana tafiya a banza. Sai kin shimfiɗa turmin a ƙasa, ki yi ta juya shi, ki ja alli nan ki goge can, har fuska ɗaya ta faɗo daidai ƙirji, wata a gaban zani, ba ta karkace ba, ba ta kife ba. Teloli da yawa ba ruwansu. Na sha ganin ɗan takara da rabin hanci a kafaɗar mace, ɗaya rabin ya shige hammata.

Wannan tsabtar aikin ce ta sa ɗinkin ankon matan jam'iyyarmu ya dawo hannuna, daga ɗinki kuma aka ja ni cikin harkar. Da farko taro kawai nake zuwa in ga yadda kayan suka zauna a jikin mutane. Daga baya aka ba ni kati, aka fara kirana idan za a raba aiki.

A shekarar da nake ba da labari, jam'iyya za ta zaɓi sabon shugabanta na ƙasa a Abuja. Tsarin ya ce kowace ƙaramar hukuma ta tura wakilai uku, ɗaya dole ta zama mace. Ciyaman ɗin jam'iyya na ƙaramar hukumarmu shi ya kawo sunana. Dillalin hatsi ne, ƙato, mai fara'a, kowa a wurinsa "nawa" ne. Ba mugun mutum ba ne, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Na san dai dalilin da ya sa ya zaɓe ni. Mai ɗinki kullum kanta a sunkuye yake a kan keke, shi kuma ya ɗauka ladabi ne.

Mutum biyu ne ke neman kujerar, dukansu ba 'yan jiharmu ba ne, ban taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba. Ɗaya yana da farin gemu. Ɗayan siriri ne mai tabarau. Manyanmu a lokacin suna tare da mai tabarau, shi ya sa atamfar da aka sauke a shagona fuskarsa ce a jiki: kore da ruwan ƙwai, shi kuma a tsakiyar da'ira yana murmushi da gefen baki. An ce in ɗinka wa duk matan shiyyarmu da za su je taron, har da shugabannin mata na mazaɓu, waɗanda ba za su je ba amma za su sa ranar rakiya. Mako uku na yi ina kallon fuskar mutumin nan fiye da yadda nake kallon ta maigidana. Na san kunnensa na hagu ya ɗan fi na dama tsayi.

Ba wanda ya ce in tambayi kowa ra'ayinsa. Ni ce dai kalmar wakiliya ta tsaya mini a rai. Na ce in wakiliya ce ni, to wa nake wakilta? Ciyaman yana da bakinsa, ba ya bukatar nawa. Sai na aika wa shugabannin mata na mazaɓunmu cewa ranar da za su zo gwajin kaya su zo gaba ɗaya, bayan la'asar, akwai magana.

Lokacin kaka ne. Maigidana manomi ne, yana da gona ta hanyar Bakori, kuma a makon nan tsakar gidanmu cike take da masarar da aka baza tana shan rana. Sai da muka tattara gefe ɗaya kafin tabarmi su samu wuri. Na kunna musu hirar da aka yi da mutanen biyu a rediyo, wadda wani ya turo mini a waya. Mai farin gemu ya yi magana a kan haɗin kai da girmama manya. Mai tabarau kuwa ya ce idan ya hau, ɗauki-ɗora ya ƙare a jam'iyya. Ya ce daga kansila har sama, 'yan jam'iyya ne za su fito su yi layi bayan wanda suke so, ƙato bayan ƙato, a ƙirga su da rana tsaka kowa yana gani.

A cikin matan akwai wata tsohuwa daga wani ƙauye ta wajen Maska, mai sayar da daddawa. Kowa Inna yake ce mata. Ba taron jam'iyyar da ake yi ba ita, domin ba wadda ta kai ta guɗa. Idan ta toshe hanci ta saki murya, na bakin titi sai ya waiwayo. Da hirar ta ƙare ta ce in sake kunna wurin layin nan. Na sake. Sai ta ba mu labarin kansilan mazaɓarsu, wanda aka kawo musu a zaɓen da ya wuce. Ranar fitar da ɗan takara sun bar gonakinsu sun taru a filin makaranta tun hantsi, suna jiran a yi layi. Da azahar wata mota ta zo, aka karanta suna a takarda, aka ce manya sun yi maslaha, aka ce Inna ta yi guɗa. Ta yi. Ta ce har yau idan ta tuna guɗar nan sai ta ji kunyar kanta.

Ban so a ɗaga hannu, don na san wasu za su kalli wasu. Na ɗauko gwangwanin maɓallaina, na ba kowa ɗaya, na ajiye kwano biyu a ɗaki, kowane ɗan takara da nasa. Kowa ta shiga ita kaɗai ta jefa. Da muka juye, biyu ne kawai a kwanon mai farin gemu, sauran duk na mai tabarau. Aka yi ta dariya ana tsokanar juna a kan su wa suka jefa biyun.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, shekara ashirin ina cikin abin nan, ba wanda ya taɓa tambayata sai ke. Tunda kin tambaya kin ɗauki kaya. In kin je can, ki faɗa masu abin da muka ce."

Na ce, "Na ɗauka, Inna."

Gaskiya a ranar ban ji nauyin komai ba. Abin da matan suka zaɓa shi manya suka zaɓa, shi ne kuma a jikin atamfa. Alkawari ne mai sauƙi, na yi shi ina naɗe tef ɗin awo.

Saura kwana uku tafiya, da hantsi, ciyaman ya shigo shagona da buhu a hannun direbansa. Na gama ɗinki kaf, na goge, na jera kowa da nata a leda. Ya gaishe ni da fara'arsa, ya yaba aiki, sannan ya kwance bakin buhun. Ƙyallaye ne farare, yankakku murabba'i, kowanne da hoton mai farin gemu. Ya ce abubuwa sun canza a sama. Manya sun zauna sun ga mai farin gemu ne zai fi riƙe jam'iyya, jiharmu gaba ɗaya ta koma can. Ba lokacin buga sabuwar atamfa, saboda haka ga dabara: in ɗora waɗannan a kan fuskar mai tabarau in bi da keke, kamar faci.

Na tambaye shi ko mai tabarau ya yi wani laifi ne. Ya ce ko kaɗan, mutumin kirki ne. Na tambaye shi ko an canza maganar layi. Ya yi dariya ya ce wannan ai maganar kamfe ce. Sai na gaya masa zancen maɓallai. Ya saurara kamar ina ba shi labarin wasan yara, har yana gyaɗa kai.

"Hajiya tawa," in ji shi, "ai matan nan ba su da ƙuri'a a Abuja. Ke ce mai ƙuri'a."

Na ce, "To shi ya sa, Alhaji. Tasu ce a hannuna."

Na gaya masa ba zan ɗinka facin ba. Ga kaya nan a leda, wanda ya ba da aiki yana da ikon kwashe kayansa ya kai inda ya ga dama. Amma nawa turmin, wanda aka ba ni, na ɗinka da zarena, yana nan yadda yake. Raina a ɓace yake. Ciyaman ya sha mur, ya sa direba ya kwashe ledojin, aka kai wa wani tela a cikin kasuwa, mai ɗinkin buhuna da labule.

Abin da ya yi bayan nan shi ya fi ba ni haushi, ko da yake na san haka ake yi a wurinmu. Bai sake zuwa wurina ba, sai ya wuce gona wurin maigidana. A tunaninsa, idan mace ta yi taurin kai ba da ita ake magana ba. Ya tarar da Malam yana ɗaure damin karan masara, ya fito daga mota da babbar rigarsa yana tsallake kunya-kunya, ya roƙe shi ya yi mini magana. Ya ce ma in hali ne ya hana ni tafiyar, hanya ba daɗi, ga aikin kaka, za a samu wadda za ta riƙe mini wuri.

Malam mutum ne da ba ya son hayaniya, ko rediyo a hankali yake kunnawa. Da ya dawo yana wanke ƙafa ya ba ni labari. Ya ce ya gaya wa Alhaji cewa ranar da aka zo neman izini a sa sunana, ya bayar, kuma shi ba ya ba da abu ya karɓe. Game da riga kuwa, ya ce masa shekara ashirin da bakwai yana zaune da ni bai taɓa zaɓa mini abin da zan sa ba, bai ga dalilin da zai fara a kan fuskar wani ƙato ba. Na yi dariya har na zauna. Sannan ya dube ni ya ce in dai san cewa ɗinkin jam'iyya zai bar hannuna, kada in dawo ina mamaki. Na ce na sani.

Sunana ya riga ya tafi hedikwata da hotona, ba yadda za a sauya. Saboda haka ana gobe tafiya ciyaman ya kira ni a waya da murya mai laushi. Ya ce ba sai an yi faci ba, in sa babban hijabi kawai a kai, kada in kunyata shi a gaban manyan jiha. Ban ce masa to ba, ban ce masa a'a ba. Na yi masa fatan Allah ya kai mu lafiya, shi kuma ya ɗauka mun daidaita.

Mun tashi bayan asuba a doguwar mota, muka bi ta Zariya da Kaduna. Ina cikin hijabina har ƙasa, kamar yadda nake kowace tafiya. Sauran matan suna cikin ankonsu mai faci, kuma tun kafin mu kai Giwa na fara jin tausayin atamfar. Telan nan ya bi ta da zare baƙi mai kauri, ɗinki ɗaya, bai ko kalmashe baki ba. Facin ya fi da'irar ƙanƙanta. A ƙirjin matar da ke kusa da ni, gemun sabon yana nan fari tas, amma kunnuwan mai tabarau sun leƙo ta gefe biyu, na hagun ya fi tsayi. Na kau da kai ina kallon gonaki don kada in yi dariya a ce da gayya ne.

Washegari da safe aka tantance mu, aka rataya wa kowa kati a wuya, aka shigar da mu wani babban fili. Ban taɓa ganin mutane haka ba. Kowace jiha da rumfarta, kowace rumfa da makaɗanta, ba mai jin na wani. A tsakiyar fili an jera akwatunan zaɓe a kan tebura, farare masu sheƙi, ana gani ta cikinsu. Na ƙura musu ido na daɗe. Na riga na shirya yadda zan yi: in karɓi takarda, in nemi fuskar da na fi kowa sani, in dangwala, in dawo in zauna.

Da muka zauna a rumfarmu na cire hijabin, na ninke shi na sa a jaka, na yafa gyale a kafaɗa. Mai tabarau ya fito a ƙirjina sak, a tsakiya, ba karkata. Matan da ke kusa suka zuba mini ido. Ciyaman yana layi biyu gaba da ni. Wani ya taɓa shi, ya waiwayo, ya dube ni, ya dubi layin gaba inda manyan jiha suke zaune, ya juya. Na ga bayan wuyansa ya jiƙe da gumi. Ni kuwa na miƙe bayana na zauna daram.

Aka yi ta jawabai har rana ta take. Aka yi azahar, aka dawo. Wajen la'asar sai mai gabatarwa ya kira mai tabarau. Na gan shi a karon farko, yana hawa dandamali. Ya fi hotonsa gajarta. Na ji wani daɗi ya kama ni kamar na ga ɗan'uwa a bakin tasha. Ya karɓi abin magana ya yi bayani da Turanci, wani malamin makaranta da ke bayana yana fassara mana. Ya gode wa magoya bayansa. Ya ce jam'iyya ta fi mutum ɗaya. Ya ce bayan tuntuɓar manya, saboda haɗin kai, ya janye wa ɗan'uwansa. Mai farin gemu ya taso suka rungumi juna, ganguna suka ɓarke.

Mutumin da ya ce ɗauki-ɗora ya ƙare, shi ne ya tsaya gaban duniya aka ɗauke shi aka ɗora wani, yana murmushin nan nasa na gefen baki. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Ga ni zaune ni kaɗai a cikin dubban mutane da fuskar wanda ya gudu. Matar da ke kusa da ni, mai kunnuwa biyu a ƙirji, ta zungure ni tana dariya, ta ce mai fuskar ma ya haƙura, ni da nake aro fa? Ciyaman ya taso ya zo ya sunkuyo kusa da ni. Ba da faɗa ya yi magana ba, da tausayi ma ya yi.

"Kin gani ko, Hajiya? Tun shekaranjiya aka gama. Sa hijabinki, ba wanda zai tuna."

Na sa hannu a jaka, har na taɓa hijabin. Wannan ma ba zan ɓoye ba. Na ce a raina ai na yi iya yina, mutumin ya janye, ba sauran wanda zan zaɓa. Amma hannuna yana cikin jaka sai na tuna abin da Inna ta sa na sake kunnawa a tsakar gidana. Ba muryar mutumin ta burge ta ba, ba tabaransa ba. Wurin layin ta ce a maimaita. Matan nan ba su san shi ba, kamar yadda ban san shi ba. Abin da suka jefa wa maɓalli shi ne a daina karanta musu suna daga takarda. Shi ya janye, su ba su janye ba, kuma ba su aiko ni in janye musu ba. Na zaro hannuna ba komai a ciki.

Ba a taɓa akwatunan nan ba. Mai gabatarwa ya ce tunda ɗan takara ɗaya ya rage, za a tabbatar da shi da murya. Malamin da ke bayana ya fassara: masu amincewa su ce eh. Fili ya ɗauka gaba ɗaya, har rumfa tana girgiza. Sannan mai gabatarwa ya ce, yana kallon takardarsa, ko akwai masu cewa a'a. Tambaya ce ta cika ƙa'ida. Ya ɗan dakata kamar na numfashi biyu, ganguna ma suka yi shiru.

Ni ba mai murya ba ce. A gida ma sai Malam ya ce in maimaita. Amma na sha tsayawa kusa da Inna tana guɗa, na ga yadda take cika ciki da iska kafin ta saki. Na miƙe tsaye, na ja numfashi har ƙasa.

"A'a!"

Da Hausa na faɗa. Ba ta kai dandamali ba, wannan na sani. Ta dai cika rumfarmu, ta tsallaka ta kusa da mu, domin na ga kawuna sun juyo daga can. Manyan jiha na layin gaba duk sun waiwayo. Wani ya ce wace ce wannan, wani ya ce ta Funtua ce. Mai gabatarwa bai ɗaga kai ba, ya ce ba mai ja, an tabbatar. Ganguna suka ci gaba. Ina nan tsaye, ban san yadda ake zama bayan irin wannan ba, sai da malamin nan ya ja mini kujera ya ce in zauna, Hajiya, an ji.

A hanyar dawowa kujerar da ke kusa da ni babu kowa har Funtua. Ciyaman ya shiga wata motar. A Kaduna da aka tsaya cin abinci, wata daga cikin wakilan wata ƙaramar hukuma ta zo wanke hannu kusa da ni, ta ce a hankali ita ma ta so ta faɗa, sannan ta yi sauri ta koma cikin 'yan'uwanta. Ban ji daɗin maganar ba, haushi ma ta ba ni. Da ta faɗa ɗin, da mun zama biyu.

Malam ya zo tasha da babur ya ɗauke ni. Bai tambaye ni komai ba sai da muka shiga gida na sha ruwa. Na ba shi labari tun daga akwatuna har a'a. Ya ce to madalla, sannan ya ce an sussuke masarar, saura a auna.

Abin da ya faɗa kuwa ya tabbata. Anko na gaba kasuwa aka kai shi, wurin mai labule. Taron da aka kira bayan wata ɗaya ba a aiko mini ba, na gaba ma haka. Ciyaman idan mun haɗu yana gaishe ni, amma na daina zama Hajiya tasa, na koma Hajiya kawai. Na ji zafin rashin aikin, ba zan ce ban ji ba, don ɗinkin jam'iyya shi ke riƙe shagona tsakanin salla da salla. Abin da ya fi damuna dai shi ne yadda zan haɗa ido da Inna. An aike ni da saƙo, na dawo da shugaban da ba su zaɓa ba, wanda suka zaɓa kuma ya watsar da su.

Ranar kasuwa ta biyu bayan dawowata sai ga ta. Ta ajiye kwandon daddawarta a bakin shago, warin ya riga ta shigowa. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida da kaka, ta tambayi gajiyar hanya. Ta zauna a benci tana kallona. Na fara yi mata bayani, yadda mutumin ya hau ya janye, yadda ba a ko taɓa akwati ba. Ta ɗaga hannu ta ce duk ta ji wannan a rediyo.

"Abu guda na zo tambaya. Kin faɗa masu?"

"Na faɗa, Inna."

"Mi kika ce?"

"Na ce a'a."

"Sun ji?"

Na yi niyyar in ƙara gishiri, sai na fasa. Na ce na kan dandamali ba su ji ba, rediyo ma ba ta ɗauka ba. Amma ciyaman ya ji, manyan jiha sun ji, har sun tambayi ko ta ina ce.

"Aka ce ta ina?"

"Aka ce ta Funtua."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta goge da bakin mayafi, ta ce hayaƙin itace ne ya lalata mata ido. Ban taɓa jin nauyi ya sauka daga kaina kamar na ranar ba. Na zaci guɗa za ta yi, ba ta yi ba.

Sai ta jawo wata leda daga ƙarƙashin kwandon. Ankonta ne, wanda na ɗinka mata, ba faci, don na mazaɓu ba a bi ta kansu ba. Ta warware zanin a kan teburina, ta sa yatsa a kan tabaran mutumin. Ta ce tana son gyara. In farke, in juya, in mayar mata da shi baya, daidai inda take zama.

Na ce, "Inna, kin san ba na yin haka."

"Na sani, ɗiyata. Shi ya sa na kawo maki. Ke kaɗai za ki auna shi ya faɗo daidai."

Na dubi fuskar da na yi mako uku ina kaffa-kaffa da ita. Na tuna matar da ta koya mini ɗinki, na nemi gafararta a zuciyata, Allah ya ji ƙanta. Tawa rigar tana nan a akwati yadda take, ba zan taɓa ta ba, don a cikinta na miƙe tsaye. Amma wannan zanin na Inna ne, ita ta jefa maɓalli, ita aka watsar.

Na ce ta tashi ta juya mini baya. Na ɗauko tef da alli, na auna sau biyu.